TSAKANIN KALA DA WAWASO: Ɗibar Kaya Bayan Gobara da Ambaliya a Kasuwannin Fagge da Sabon Gari

Gabatarwa

A duk lokacin da gobara ta ci kasuwa, ko ambaliya ta shiga rumfuna, tun kafin hayaƙi ya washe ko ruwa ya janye akan ga jama'a iri biyu sun doshi wurin. Akwai masu dukiya, waɗanda suka zo duba abin da ya rage musu, akwai kuma waɗanda ko allura ba su ajiye a wurin ba, amma sun zo da buhu. A cikin wannan kashi na biyu akwai mai niyyar taimako, akwai mayunwaci, akwai ɗan jari-bola mai neman ƙarfe, akwai kuma ɓarawo tsantsa. Dukkansu hannu suke miƙawa ga abin da ba nasu ba, saboda haka idon mai kallo ba ya iya rarrabe su.

Maƙasudin wannan lacca shi ne rarrabe waɗannan mutane bisa ma'aunin shari'a da al'ada da dokar ƙasa, tare da duba haɗarin da ke cikin aikin nasu, da kuma tsarin da zai iya rage ɓarna. Jigon maganar ɗaya ne, watau bala'i yana lalata dukiya, amma ba ya raba ta da mai ita. Abin da ke halatta wa wani ya taɓa ta shi ne matsuwa ta gaske, ko niyyar tsare ta domin mai ita, ko kuwa izininsa bayan ya gama kwashe abin da yake so. An zaɓi Fagge da Sabon Gari ne domin a nan manyan kasuwannin Kano suka taru, a nan kuma aka fi ɗanɗana wannan jarrabawa.

Wurin da Abin da ya Same Shi

Fagge tsohon zango ne na fatake a bayan ganuwar Kano, inda ayarin raƙuma ke sauka. Sabon Gari kuwa an yanka ta a wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin saukar baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A yau dukansu biyu suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. A wannan ɗan yanki ne ake da Kantin Kwari, matattarar atamfa da shadda da yadi. Da kasuwar Singa, inda ake sarin kayan masarufi. Da Wapa ta 'yan canji. Da kuma babbar kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi.

Inda dukiya ta cunkushe haka, asara ma takan zo a cunkushe. A watan Fabrairu na 2016 wuta ta ci wani sashe na kasuwar Singa. Wata guda bayan haka, a daren 26 ga Maris, gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari, hukumomi suka ce shagunan da suka ƙone sun kai kimanin 3,800. A daminar 2022 kuma ruwa ya malale cikin Kantin Kwari ya jiƙa dilolin tufafi masu ɗimbin yawa, aka ɗora laifin a kan toshewar magudanai da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa.

Wajibi ne a fahimci ko dukiyar wane ne ke zube a ƙasa a irin wannan rana. Galibin kayan da ke cikin ƙaramin shago ba mallakar mai shagon ba ne kacokan. A Kwari babban ɗan kasuwa yakan ba ƙarami kaya bashi, sai ya sayar ya biya. A Sabon Gari yaron da ya shekara biyar ko bakwai yana yi wa ubangidansa hidima yana jiran ranar da za a sallame shi da jari ne daga cikin wannan dukiya. Akwai kuɗin adashi, da ajiyar marayu, da jarin matan aure da suka ba wani ya juya musu. Ƙananan 'yan kasuwa kuma da wuya a sami mai inshora a cikinsu. Ke nan turmin atamfa guda da ya tsira daga wuta yana iya zama shi ne abin da zai hana mutum shiga hannun masu binsa bashi. Wanda ya ɗauke shi ya ƙarasa aikin da wutar ta bari.

Kalmomi Huɗu

Harshen Hausa da kansa ya riga ya yi rabin aikin rarrabewa, gama ya ba kowane irin ɗauka sunansa. Akwai ceto, watau fid da kaya daga halaka domin mai su. Akwai tsintuwa, watau samun abin da ya ɓace wa wanda ba a sani ba. Akwai kala, watau bin gona bayan an gama girbi a tsince abin da mai gona ya bari. Sa'an nan akwai wawaso ko wasoso, inda jama'a ke rububin abu kowa ya kwashi iya ƙarfinsa. Ukun farko kowanne yana da hurumi da sharuɗɗa. Na huɗun ba shi da hurumi sai a kan abin da mai shi ya watsa da hannunsa, kamar yadda ake watsa wa yara alewa ko kuɗi a wurin biki.

Akwai kalma ta biyar da ake arowa domin a yi wa wawaso ado, ita ce ganima. A fiƙihu ganima dukiya ce da ake samu a fagen yaƙi halattacce ƙarƙashin shugaba, kuma ko a can ma wanda ya ɓoye wani abu kafin rabo ya yi babban laifi. Babu wata hanya da kayan maƙwabci a kasuwa za su shiga wannan suna, ko mai su Musulmi ne ko Kirista, ɗan gari ne ko baƙo. Hadisai ingantattu sun hana wawashe dukiyar mutane ƙarara. Mai cewa "ganima ce" ko "banza ta faɗi" yana neman kalmar da zai rufe bakin zuciyarsa ne kawai.

Larura da Iyakarta

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta yunwa, kuma hujja ce da ba a raina ta. Aya ta 173 ta Suratul Baƙara ta sassauta wa wanda ya matsu ya ci abin da aka haramta, muddin ba da gangan ya nema ba, bai kuma wuce iyaka ba. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idoji biyu da ke tafiya tare: larura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta gwargwadon girmanta. An ruwaito cewa Halifa Umar bai zartar da haddin sata ba a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya addabi Hijaz. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai labarin bayin Haɗib da suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umar ya fahimci cewa ubangidansu yana barinsu da yunwa, sai ya mai da nauyin a kansa, ya sa shi ya biya dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Abin lura shi ne, an ɗauke wa mayunwata hukunci, amma ba a bar mai taguwa da asara ba.

Akwai kuma hadisin da ya yi magana a kan 'ya'yan itatuwa, wanda ya bambanta mabuƙacin da ya ci a wurin da wanda ya ƙunsa a riga ya fita da shi: na farko ba laifi a kansa, na biyu kuwa akwai tara da horo. Mazauna Sabon Gari Kiristoci suna da irin wannan iyaka a littafinsu. Sura ta 23 ta Maimaitawar Shari'a ta yarje wa mai wucewa ya ci inabin maƙwabci ya ƙoshi, ta hana shi zubawa a jaka, sura ta 22 kuma ta wajabta mayar da abin da aka tsinta ga mai shi. Masanin shari'a na ƙasar Holan, Hugo Grotius, a littafinsa na 1625 ya kafa sharuɗɗa uku ga mai ɗaukar kayan wani saboda matsuwa: ya fara gwada sauran hanyoyi, kada mai kayan ya kasance cikin irin matsuwarsa, kuma ya biya idan ya sami hali. Al'ummu daban-daban ke nan suka tsaya a kan iyaka guda.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan gobarar kasuwa, sai a ga cewa larura ta gaske ba ta cika samuwa a wurin ba. Wutar da ta ci Sabon Gari ba ta rufe Kurmi ko Rimi ko 'Yankaba ba, gari yana nan da abincinsa da ruwansa. Mai ɗauke da katan ɗin madara ko injin ɗinki ba ransa yake ceta ba. Inda larura ke tabbata shi ne kamar abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, mutane suka maƙale kwana da kwanaki ruwa ya kewaye su. Wanda ya buɗe shago a irin wannan hali ya ɗauki garin kwaki da ruwan sha domin iyalinsa, malamai ba sa ganin laifinsa. Abin da ya dace da shi shi ne ya ɗauki iya buƙata, ya riƙe lissafi, ya nemi mai shago idan ƙura ta lafa. Talauci na yau da kullum abin tausayi ne, yana da haƙƙi a kan mawadata ta hanyar zakka da sadaka da ciyarwa, amma ba ya mai da shagon da ya ƙone ya zama na kowa.

Ceto da Tsintuwa

Mutane da yawa da ake gani suna gudu da kaya a ka ranar gobara taimako suke yi, kuma da babu su da asarar ta fi haka. Matsalar ita ce mai ceto da ɓarawo tafiyarsu iri ɗaya ce har zuwa bakin ƙofar kasuwa, daga nan hanya ke rabuwa. Mai ceto yana sauke kaya inda ido ke gani, ya kira shaida, ya faɗi layi da lambar shagon da ya ɗauko su. Ɓarawo kuwa lungu yake nema. Saboda haka bayyanawa ita ce alamar farko ta amana.

Idan ba a san mai kaya ba, hukuncin tsintuwa ya hau kansu, kuma littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil, sun yi bayaninsa. Abin da ke da daraja ana cigiyarsa shekara guda a wuraren da ake zaton mai shi zai nema, kamar ƙofofin masallatai da kasuwa. Wanda ya zo ya siffanta shi daidai, har da mazubinsa da maɗaurinsa, a ba shi. Bayan shekara mai tsintuwa yana iya ci gaba da ajiyewa, ko ya yi sadaka da shi, ko ya yi amfani da shi, amma lamuni yana kansa duk ranar da mai shi ya bayyana. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta riƙe amana ba, an hana shi ɗauka tun farko.

Hadisi ya bambanta ɓataccen raƙumi da ɓatacciyar tunkiya a daji. An ce a ƙyale raƙumi, domin zai iya rayuwa har mai shi ya same shi, an kuma yarje a kama tunkiya domin in an bar ta kura ce za ta ci. Hikimar da ke ciki tana da amfani a kasuwa. Ƙofar ƙarfe da akwatin ajiyar kuɗi da janareta za su iya jiran mai su, abin da suke buƙata gadi ne kawai. Atamfar da ruwa ke tasowa zai cim mata, ko buhun sukari da ke bakin wuta, su ne ke buƙatar a ɗaga su nan take. Sai dai kasuwa ba daji ba ce. Mai kaya yana nan kusa, wataƙila yana kan hanya daga Kurna ko Brigade, kuma a yau waya da gidajen rediyo sun sa cigiya ta zama aikin yini guda.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta ɗauki mai da kayan tsintuwa nasa da mugun nufi a matsayin laifi, haka kuma karɓar kayan da aka san na sata ne. Ta fuskar fiƙihu, mai yiwuwa haddi ya faɗi idan kaya sun riga sun fita daga ma'ajiyarsu sun zube a titi, amma faɗuwar haddi ba ta kawar da haramci, ba ta kawar da biya, ba ta kuma hana alƙali yin horo.

Shin mai ceto yana da lada a hannun mai kaya? Dokar teku ta daɗe da amsa wannan: wanda ya ceci jirgi ko kayansa yana da haƙƙin sakamako, amma kayan suna nan na mai su. A watan Janairu na 2007, da jirgin ruwan MSC Napoli ya lalace a gaɓar Ingila, jama'a suka yi ta kwasar kayan da teku ta turo, har da babura, hukuma ta tunatar da su cewa doka ta ba su kwana 28 su kai rahoton abin da suka ɗauka. Haka ya kamata a kasuwa. Ɗan dako da ya sa ransa cikin haɗari ya cancanci a sallame shi da kyau, kuma rowar masu kaya a wannan wuri tana cikin abin da ke koya wa yara su biya kansu da kansu.

Kala da 'Yan Jari-bola

A ƙasar Hausa ba wanda ke kiran mai kala ɓarawo. Idan manomi ya gama girbi ya ɗaure dammunansa ya kwashe, tsofaffi da mata da yara sukan shiga su tsinci zangarniyar da ta zube, haka ake yin roron gyaɗa. Al'adar ta ginu ne a kan sharaɗin da kowa ya sani ba tare da an rubuta ba: ba a shiga sai mai gona ya fita. Wanda ya riga shi shiga, ko da zangarniya ɗaya ya ɗauka, sata ya yi. Shi ya sa ake buga misali da tsintar dami a kala a kan sa'ar da ba a saba gani ba, gama dami ba abin da ake bari ba ne, in an gan shi to mantuwa aka yi, kuma yana da mai shi.

'Yan jari-bola, ko 'yan gwangwan, su ne masu kalar birni. Sana'arsu halattacciya ce mai amfani: suna raba ƙarfe da dalma da tagulla da roba daga shara, su kai wa masu awo, daga nan a kai masana'antu a narke. Bayan gobara kuwa ba mai iya share kango da sauri kamarsu. Laifin da ake samu na lokaci ne. Kwanon rufi da ya ƙone, da rodi, da ƙofar shago, da wayar wuta, duk suna da kuɗi a kan sikeli, kuma sau da yawa su ne kaɗai jarin da ya rage wa mai shago. Idan an kwashe su da asuba kafin ya iso, an shiga gona ke nan mai ita bai fita ba. Idan kuwa ya zo ya zaɓi abin da zai zaɓa, ya sayar da na sayarwa, ya ce a kwashe saura, to abin da aka samu halal ne.

Nauyi mafi girma yana kan mai saye. Yaro ba zai ɓalle ƙofar shago ba sai ya san akwai mai sikelin da zai karɓa ba tambaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dillalin da ya ga sabon kaya mai ƙaurin hayaƙi a rabin kuɗinsa washegarin gobara ya san inda ya fito.

Bala'i da Tarzoma

Masana halayyar jama'a biyu na Amurka, Enrico Quarantelli da Russell Dynes, waɗanda suka kafa cibiyar nazarin bala'o'i a Jami'ar Jihar Ohio a 1963, sun lura cewa a bala'in da ya faɗo wa kowa, kamar ambaliya ko guguwa, sata ba ta kai yadda ake zato ba, taimakon juna ya fi yawa, mai satar ma a ɓoye yake yi. A lokacin tarzoma kuwa a fili ake kwasa, cikin taro, ana zaɓen shagunan da za a fasa. Tarihin wannan yanki ya san nau'i na biyu. A rikicin 16 zuwa 19 ga Mayu 1953, wanda aka gwabza a tsakanin Fagge da Sabon Gari, alƙaluman hukuma sun nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni, an kuma wawashe dukiya. A ranar 1 ga Agusta 2024 ma, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano aka fasa shaguna da ma'aikatu, daga baya 'yan sanda suka ƙwato wasu kayan, wasu kuma aka mayar da su bayan kiraye-kirayen malamai da shugabanni. Darasin shi ne, wawaso yana buƙatar mutum ya fara cire mai kaya daga cikin 'yan'uwansa, ya ce ai baƙo ne, ko ai na gwamnati ne. A unguwannin da ƙabilu da addinai ke cin kasuwa ɗaya, wannan tunani ya fi wuta haɗari.

Akwai kuma zalunci ta ɗaya ɓangaren. Bayan guguwar Katrina a 2005, an yi ta muhawara a Amurka a kan hotuna biyu na kamfanonin labarai: baƙar fata da ke ɗauke da abinci a cikin ruwa an ce ya yi wawaso, fararen fata kuwa an ce sun samo. A Kano ma tufafi da kamanni sukan yanke wa mutum hukunci. Almajiri ko ɗan dako da aka gani da kaya yana iya shan duka kafin a tambaye shi, alhali mai shago ne ya aike shi. Ihun "ɓarawo" a cikin taron da ransa ya ɓaci yana iya zama sanadin rai, kuma babu shari'ar da ta ba taro ikon hukunci. Wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma.

Haɗarin da ke Cikin Kango

Ko da an ajiye maganar halal da haram, kango wuri ne mai kisa. Kankare yakan fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 300, ƙarfe kuma yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa a wajen digiri 600, don haka bene da ke tsaye bayan gobara yana iya ruftawa a kan mai jan rodi daga jikinsa. Dilar yadi da katifa sukan riƙe wuta a ciki kwana da kwanaki, da an buɗe iska ta shiga sai su sake kamawa. Tukunyar gas da ta sha zafi tana iya fashewa, wayar lantarki a cikin ruwa tana iya kashe wanda ya taka, hayaƙin roba kuma guba ne ga huhu.

Abin da aka fitar ma yana iya cutar da wanda bai je wurin ba. Ruwan ambaliya a birni gauraye yake da na kwata da masai, abincin da ya taɓa yana iya ɗauke da kwalara ko taifot. Gwangwanin da ya kumbura ko ya lotse a bakinsa ba a cinsa. Magani ya fi kowanne haɗari, ga shi Sabon Gari ta daɗe tana cibiyar cinikinsa kafin a umarci masu sari su koma Dangwauro a 2024. Yawancin magunguna ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30, insulin da alluran rigakafi kuwa tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya sha zafin gobara yana iya fita da kwalinsa lafiya alhali ƙarfinsa ya tafi. Mai sayar da shi a araha yana sayar wa marar lafiya abin da ba zai warkar da shi ba.

Mafi munin misali shi ne na man fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. A Jesse ta Jihar Delta a 1998 kimanin mutum dubu suka hallaka wajen ɗibar man bututu. A Yamai a watan Mayu na 2019 fiye da 55 suka mutu nan take a gefen tankar da ta faɗi. A Majiya ta Jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba 2024, tankar da ta taso daga Kano ta kife, jama'a suka fito da bokitai, fiye da mutum 180 suka rasa rayukansu. Wata uku bayan haka irin wannan ya faru a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, sai dai yawancin waɗannan bayin Allah tsadar rayuwa ce ta tura su, kuma wannan ma abin tambaya ne ga masu mulki.

Tsarin da ya Kamata

Wa'azi kaɗai ba ya tsare kasuwa, sai an haɗa da shiri tun kafin ranar ta zo. Abu na farko shi ne a killace wurin da zarar wuta ta tashi, 'yan sanda da 'yan sintirin kasuwa su tsare ƙofofi, a bar hanya ga motocin Hukumar Kashe Gobara, gama cunkoson 'yan kallo da masu kwasa yana cikin abin da ke jinkirta su. Na biyu, kowace kasuwa ta sami filin da aka sani, kamar harabar masallaci ko coci ko makaranta, inda za a tara kayan ceto, da marubuta masu rubuta sunan wanda ya kawo da inda ya ɗauko. Na uku, shugabannin layi su riƙe rajistar masu shaguna da yaransu da 'yan dakonsu, domin su ne suka san fuskar kowa.

Na huɗu, wanda shi ne zuciyar al'amarin, a sanya wa kala lokaci. Bayan injiniyoyi sun tabbatar gini ba zai faɗi ba, a ba masu shaguna kwanakin da aka ƙayyade su kwashe nasu, sa'an nan a yi shela a buɗe wa 'yan jari-bola ta hannun shugabanninsu, a kan farashi ko rabon da aka amince. Na biyar, abinci da magani da suka lalace a miƙa su ga NAFDAC da jami'an lafiya a hallaka su a gaban shaidu. Na shida, hukumomin agaji, NEMA da takwararta ta jiha, tare da attajirai, su tuna da waɗanda ba su da shago amma da kasuwar suke ci: 'yan dako, masu tura baro, masu sayar da abinci. Ranar da kasuwa ta ƙone su ma abincinsu ya ƙone, kuma ba sa cikin jerin masu karɓar tallafi. Ciyar da su a makon farko ya fi ɗaukar masu gadi araha. Daga ƙarshe a buɗe ƙofar mayarwa, inda wanda ya ɗauka zai kai wa limami ko fasto ko mai unguwa ba tare da an tozarta shi ba.

Kammalawa

An ga cewa shari'ar Musulunci, da koyarwar Kirista, da al'adar Hausa, da dokar ƙasa duk sun haɗu a kan cewa wuta da ruwa ba sa canza mai dukiya. Mayunwaci na gaske yana da abin da zai tsai da ransa, da niyyar biya. Mai ceto da mai tsintuwa amana ce a hannunsu har ta isa ga mai ita, suna kuma da haƙƙin a yaba musu a sallame su. Mai kala yana da abin da aka bari, bayan an bari. Abin da ya fita daga waɗannan wawaso ne, ko da wane suna aka kira shi. Tambayoyi uku sun ishi wanda ya tsaya a bakin kango da buhu a hannu: shin rai ne ke cikin haɗari, shin mai kayan ya sallama, shin kuma zai iya ɗauka mai kayan yana kallonsa? Kasuwannin Fagge da Sabon Gari sun ginu ne a kan bashi da amana tsakanin mutanen da ba dangin juna ba. Ana iya sake gina shago a cikin shekara guda, amma ɗan kasuwar da ya ga maƙwabcinsa na gudu da kayansa zai daɗe bai sake ba da bashi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.